Kujerar Alwyn a Bakin Ƙofa

Mai girma Babban Shugaban zaurukan yankinmu da ya taso tun daga Adelaide, mai girma shugabar gari, Rabaran Tonkin, uwargidan marigayi, Merle Pascoe, da 'yarta Glenys, 'yan'uwa na Zauren Mahaƙa, ƙungiyarmu ta zumunci, jama'a, sannunku da zuwa. Ni ne Lindsay Trezise, shugaban zaure, aka ce in yi magana da bakinmu duka.

Marigayi Alwyn Pascoe ya kasance mai tsaron ƙofarmu shekara talatin da ɗaya. A al'adarmu mai tsaron ƙofa a waje yake zama, mu muna ciki ƙofa a rufe. Duk muhawarar da muka tafka bai ji ko ɗaya ba. Na taɓa tausaya masa, ya ce, "Kai Lindsay, ni ne mai sa'a. Surutunka nake tsere wa."

Ya kasance mai gyara rufin gidajen matan da mazansu suka rasu ba tare da an roƙe shi ba. Ya kasance mai kai marasa lafiya asibiti, ya zauna jiran su da butar shayinsa. Ya kasance, fiye da komai, mai ƙirga kawuna. Doka ta ce sai da mutum bakwai ake buɗe zaure, har da na waje. Kowace Asabar ta farkon wata zai bi gida-gida da tsohuwar motarsa yana hon. Ka ce ƙafa ke ciwo, ya ce, "Da ƙafa za ka zauna? Shigo mu tafi, malalaci."

Merle, mun san abincin rana nawa ya huce a teburinki saboda mu. Ki yafe mana. Glenys, mahaifinki ya riƙe mu kamar yadda ya riƙe ki.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Tun da ya kwanta rashin lafiya mu shida ne. Wata biyu ke nan ba mu buɗe ba. Idan aka yi na uku, takardar izinin da kakanninmu suka rataya a bango za ta koma Adelaide, zaure ya mutu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Amma sunaye bakwai ne ke cikin littafinmu har yanzu. Des Hocking, ga ka can baya, na gan ka. Shekara goma sha ɗaya rabonka da zaure, tun ranar da na hana ka riƙe tuta a jerin gwano na ba surukina. Kowane wata Alwyn sai ya tsaya a ƙofarka, ka ɗaga masa hannu ka ce, "Wuce, Alwyn." Bai taɓa fashi ba.

A asibiti ya ba Merle makullin ƙofa ya ce, "Ki ba Des. Ki ce masa mai tsaron ƙofa a waje yake zama, ba sai ya ga fuskar Lindsay ba."

Des, ni na yi maka laifi, kuma a gaban kowa nake cewa ka yi haƙuri. Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu, zan zo. Ba zan yi hon ba. Zan sauko in ƙwanƙwasa, in tsaya har ka fito.

Mun gode wa duk wanda ya zo, da matan da suka dafa mana shayi. Allah ya jiƙan Alwyn, ya ba Merle da Glenys haƙurin rashi. Wanda ya tsaya mana a waje shekara talatin da ɗaya, Allah ya buɗe masa ƙofa ya shiga ciki. Amin.