Tambayar da ta ɓata wa Hajiya rai

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni tela ne a Unguwar Kanawa.

Malamin 'yata Hafsa ya turo mana bidiyoyi ta waya, masu koya wa yara tunani. A ɗaya an sa cokali a kofin ruwa, sai ka gan shi kamar ya karye, alhali lafiyarsa ƙalau. Mai bayanin ya ce ko ido yana yaudara, don haka yaro ya riƙa tambaya, "Ta yaya aka sani?" Abin ya burge ni.

Ranar Juma'a Hafsa ta tsallake ƙanenta yana kwance. Mahaifiyata ta ce, "Maza tsallako baya, kar ki hana shi tsawo." Sai yarinya ta ce, "Hajiya, ta yaya aka sani?"

Hajiya ba ta yi mata faɗa ba. Ni ta kalla, ta ce in waya ce za ta yi tarbiyya a gidan nan, a kai ta tashar Kawo ta koma Katsina.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ina tsoron fushin uwa, amma ba na son rufe bakin yarinyar, domin ni ma tambayar nan tana cina tun ina yaro, ban taɓa iya furta ta ba.