Saniyata da Injin Ban Ruwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hajjo, daga bakin fadamar Haɗeja.

Bana da rani maigidana ya kafa injin ban ruwa dab da turken saniyata. Ba a yi kwana goma ba ta rame, nono ya ƙafe. Ya ce baki ne, a kai ta kasuwar Malam Madori. Na ce wallahi sai dai a sayar da mu tare!

Na kira malamin dabbobi. Da ya ji ƙarar injin sai ya ce, "Hajjo, tsoro ne. In dabba ta firgita, jikinta yakan saki wani sinadari, ana ce masa kotisol, don ta iya gudu. In firgicin bai wuce ba, ba ya sauka, sai ya cinye ta."

Na mayar da turkenta gindin tsamiya, nesa da injin. Cikin sati biyu ƙwaryata ta cika.

Ina gaida maigida, na san yana saurare. Malam, furar da ka sha yau har da ƙari, da nononta na dama.