Likita Ya Ce Dawun, Ni Na Ji Dawo

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana matan zumunta, har da mazan da suka raɓe a bakin taga wai iska suke sha. Ni ce Ladi Ungozoma. Ban san biro ba. Matar fasto ce take rubuta abin da bakina ya faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Rabin waɗanda ke zaune a nan ni na yanke musu cibiya, daga Kurugu har ƙauyukan Rogo, don haka ba wadda za ta koya mini magana.

Abin ya faru shekarar da aka karɓe fam da sule aka ba mu naira, shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Ba a datse kogin Challawa ba tukuna. Ban san Yesu ba a lokacin, gidanmu gidan tsafi ne. Ina bin uwar mijina, Inna Dela, ina koyon karɓar haihuwa.

Maƙwabciyarmu Kande tana da yaro. Shekararsa biyu bai tashi ba, zama ma da ƙyar. Jikinsa laushi kamar ba ƙashi, idanunsa a ɗage ta gefe, harshe kullum a waje. Ba a kiransa da suna, Baƙo ake ce masa. Tsofaffi suka ce ɗan ruwa ne, wai mutanen kogi sun ɗauke ɗan Kande tun yana ciki sun ajiye nasu. Maganin abin, a mayar musu.

Ni na goya shi. Inna Dela tana gaba da ƙwaryar fura. Da tsakar rana ake zuwa, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ba kowa a bakin ruwa. Ko tsuntsu bai yi kuka ba ran nan. Duk hanya ina jin numfashinsa a wuyana, yana wasa da ɗan kunnena.

Muka zaunar da shi kan yashi, muka ajiye furar a gabansa. Inna Dela ta ce, "Ladi, in mun juya kada ki waiwaya. Wadda ta ga rikiɗarsa ba ta ƙara haihuwa."

Na waiwaya.

Bai rikiɗa ba. Yaro ne zaune, hannu dumu-dumu da fura. Da ya ga fuskata sai ya yi dariya, ya miƙo hannu biyu in ɗauke shi. Inna Dela ta fizgi zanena, na bi ta. Washegari masu ɗiban ruwa ƙwarya kawai suka gani.

Da muka iso gida mata suka kewaye mu. Inna Dela ta ce, "Ya koma wurin danginsa." Suka juyo kaina, don sun san ni da baki. Sai na ce na ji wani huci a bayana, na ga maciji ta wutsiyar ido yana sulalewa cikin ruwa. Shekara ta zagayo, macijin ya zama baƙi mai farin wuya. Bayan shekara goma ya kai tsawon taɓarya uku. Ni na ba shi launi, ni na ba shi tsawo. A wurin sussuka, a wurin ɓarar gyaɗa, in aka ce, "Ladi, ba mu na ɗan Kande," sai in gyara zama. Na karɓi Yesu, aka yi mini baftisma, na ƙone layu da ƙahonin tsafi, amma labarin nan ban ƙone shi ba, don ya fi duk labaraina daɗi a baki. Ruwan dam ya zo ya shafe wurin, na ce shi ke nan, an binne.

Bara waccan da kaka, ana cirar gyaɗa, matar jikana Ishaku ta haihu. Rifkatu sunanta, yarinya mai kunya, 'yar wajen Rogo. Haihuwar fari ce. A asibiti ta haihu, don yaran yanzu sun raina hannuna. Malamar asibiti ta ga yaron ba ya kama nono, ta tura su Kano, suka yi kwana uku.

Ranar da suka iso, Ishaku ya shigo ɗakina ya tsuguna. Kullum in ya shigo sai ya ce, "Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu kin bar mini gadon nan ba?" In ce, "Mijin banza, ina cefanena?" Ran nan bai yi wasan ba.

Na ce, "Maigida, me likita ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Kaka, sun duba shi, sun ɗebi jini. Likita ya ce dawun ne."

Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa. Abin da na ji shi ne, dawo ne.

Na ce, "Wa ya gaya wa likita?"

Ya ce, "Da ganinsa ya gane. Idanun, da harshen, da laushin jikin."

Ban ƙara jin abin da ya ce ba.

Ban je barka ba, ni da ba a wanke jariri a unguwarmu sai na sa hannu. Na kulle kaina na ce zazzaɓi nake yi. In na buɗe randa sai in ga ruwan yana rawa shi kaɗai, in ji ƙanshin fura, alhali ba a dama fura a ɗakina. Rana na yin tsaka sai nauyi ya sauka a bayana, daidai inda goyo ke zama, da ɗumin numfashi a wuya. Na daina shan ruwa har leɓena ya tsage.

Ashe rashin zuwana ma magana ce. Mata suka ce tun da Ladi ta ƙi taɓa shi, ta ga abin da ta gani. Masu barka suka janye ƙafa. Aka bar Rifkatu ita kaɗai da yaro ba ya tsotso, nono ya cika ya yi tauri, ba mai dafa mata ruwan wanka. Aka ce wa Ishaku ya dakata da maganar suna.

Ana jibi suna surukata Saratu, uwar Ishaku, ta shigo. Kun san ta, tana cikin mawaƙa. Ta tura ƙofa, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, yaron nan irin na Kande ne, ko?"

Na kau da kai, ta ci gaba.

"Ba na son Ishaku ya ƙare yana kiwon abin da ba nasa ba. Ke kin san yadda ake yi. Ke kika ga macijin da idonki. Tun ina amarya nake ji a bakinki."

Tana faɗa tana kuka. Saratu ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan. Ni na zuba mata abin a kunne.

Tana fita na ɗauki sandata na nufi majami'a. Ranar Laraba ce, rana tsaka, ba kowa sai ƙadangaru suna gudu a kan kwano. Nauyin nan yana bayana har na shiga. Ban iya addu'ar masu karatu ba. Na durƙusa na ce, "Yesu, ba maciji. Ka sani, na sani. Yaro ne, ya miƙo mini hannu na tafi na bar shi. In shi ne ya dawo neman hakkinsa, ga ni, a kaina zai sauka, ba a kan Rifkatu ba. In kuma kana yafe irin wannan, ka yafe mini."

Ban ji murya ba, yau ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani, bayana ya yi sakayau, kamar an kwance mini goyo a hankali, irin kwancewar da ake yi wa yaro mai barci. Sai ƙishirwa ta kama ni. Na buɗe tulun bakin majami'a na sha moɗa uku. Ruwa ne kawai. Yabo ga Ubangiji!

Daga nan gidan Ishaku na wuce. Rifkatu na ganina ta ƙanƙame yaron ta matsa lungu. Ta ji abin da ake faɗa.

Ta ce, "Kaka, don Allah kada ki tafi da shi."

Na ce, "'Yar nan, a nan zan zauna. Riƙe bakin zanena in kina tsoro."

Ta kuwa riƙe. Na buɗe shi, na duba tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ina neman wanda na sani. Idanun irin wancan ne, laushin ma haka. Amma hancin na marigayi mijina ne, kunnen na Rifkatu ne sak, cibiya ɗanya. Wannan bai taɓa zuwa duniya ba.

Na ce wa Ishaku, "Likitanka bai iya ba. Wannan ba dawowa ya yi ba, zuwansa na fari ke nan."

Ya ce, "Dawowa daga ina?"

"Ba kai ka ce dawo ne ba?"

Ya dube ni, ya dubi matarsa, dariya ta ƙwace masa hawaye na zuba. "Tsohuwa, kunnen nan naki sai ya kashe mu. Dawun na ce. Sunan abin ne da Turanci."

Ya zauna ya maimaita mini ta kunnen dama. Likita ya ce halitta ce tun ranar da ciki ya shiga, ana haifar irinsu a kowace ƙasa. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba kuma asiri ba. Zai yi jinkirin zama da tafiya da magana, sai an riƙa duba zuciyarsa, amma zai san mutanensa, zai koyi abu da yawa in an bi shi da haƙuri.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini da Hausa?"

Ya ce, "Na Hausar ai kin san shi, Kaka. Shi ne ba na son ji."

Na sa aka kira Saratu da matan unguwa, tsakar gida ta cika. Na tsaya da yaron a hannu na gaya musu abin da na gaya muku yau. Can wata ta ce, "To, baƙin macijin fa?" Na ce, "A bakina aka haife shi." Akwai waɗanda tun daga ran nan ba sa durƙusa mini in sun gaishe ni. Yana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, ni mace ce mai son girma.

Ni da Saratu muka hura wutar ruwan wanka da yamman nan. Malamar asibiti, wata Hajiya 'yar Karaye, ta nuna mana yadda ake tallafe haɓarsa in yana shan nono, a tashe shi in barci ya yi yawa, a tatsa a ba shi da ƙaramin cokali in ya gaji. Duk shekaruna a aikin nan, na zauna na koya a hannun sa'ar 'yata. An yi suna ranar da aka sa, Yohanna. Yanzu yana zama, yana jan gindi har ƙofar ɗakina ya buga da tafin hannu. Bai tashi ba tukuna. Rifkatu takan yi kuka in ta ga sa'o'insa suna gudu. Ba na hana ta. Sai in karɓe shi in ce ta je ta kwanta.

Mata, in aka haifi irin wannan a unguwarku, kada ku tsaya daga nesa kuna leƙe. Ku je barka tun ranar fari. Ku ɗauki yaron uwarsa tana gani, ku tambayi sunansa, ku koma washegari. Ku dogara ga Yesu. Wanda ya yafe wa Ladi ba wanda zai gagare shi. Na gode masa, na gode masa.

Cikin waɗanda suka san ranar da aka kai Baƙo kogi, Inna Dela ta rasu tun kafin dam, mijina ya bi ta, masu ɗiban ruwan duk sun tafi. Saura ni da Kande. Tana wajen 'yarta a Tudun Kaya, ido ya tafi, hankali na nan. Maganar ta riga ƙafata isa wurinta. Ta aiko cewa ba ta son jin muryata tukuna, amma a kai mata Yohanna ta shafa fuskarsa. Rifkatu ta goya shi ta kai. Ta ce tun hantsi Kande ta ɗora shi a cinya, ba ta yarda an karɓe shi ba sai la'asar.