Da Wata

IYA: Salamu alaikum. Waye?

HUSNA: Iya, ni ce. Ina wuni?

IYA: Au, ke ce. Lafiya lau. Ya karatu?

HUSNA: Alhamdu lillahi. Ya mutanen unguwar Sabo? Ya ƙafar Baba?

IYA: Da sauƙi, har ya leƙa kasuwar Bodija yau. Ɗaga murya, layin na tsinkewa.

HUSNA: Kin tuna baƙin da na turo daga jami'a, masu yi wa iyaye mata tambayoyi?

IYA: Bayerabiyar nan mai gilashi? Yarinyar kirki. Har ƙasa ta gaishe ni.

HUSNA: Ni aka ba muryoyin in rubuta. Na ji taki.

IYA: To.

HUSNA: Ta ce ki faɗi sunayen 'ya'yanki. Kika ce Tasi'u, Bilkisu, Mahmuda. Ta ce shi ke nan? Kika ce, "Da wata."

IYA: Ƙarya na yi?

HUSNA: Da ba ki faɗi sunana ba, kwamfuta ta ba ki sifili a shaƙuwa da ɗan fari, Iya. Ke da mata da yawa a Sabo. Yanzu malamaina biyu sun kama faɗa a kanku.

IYA: A kanmu? Ba su da aikin yi ne?

HUSNA: Farfesa Ajadi ya ce, "Husina, mai diya, 'yata, kunya ce! Kalca, al'ada! A ba kunyar lamba, a ƙara wa kowace Bahausa maki, lissafi ya daidaita." Shi kuma Dakta Sammani ya sauke gilashi kan hanci: "A'a, Farfesa. Al'ada ba gishiri ba ce da za ka barbaɗa a miya. Wata uwar, kunya take ji, wata kuwa da gaske ba ta damu da ɗan ba. In ka ƙara wa kowa maki, ka rufa wa ta biyun asiri."

IYA: Ke dai ba ki bar kwaikwayon mutane ba.

HUSNA: Ran Litinin zan kare aikina a gabansu. Duk wanda na bi, ɗayan zai kayar da ni. Sammani ya ce, "Ke 'yar fari ce, a gidan kika tashi. Faɗa mana wacce ce mahaifiyarki."

IYA: Kika ce me?

HUSNA: Na ce sai na tambaye ki.

IYA: Uhm.

HUSNA: Iya? Kina ji?

IYA: Ina ji. Wa ya kwana zaune da ke kina ƙyanda?

HUSNA: An ce Goggo Saude.

IYA: An ce.

HUSNA: To ke ce? Faɗa min. Ni abin da na sani, ranar da na ci jarrabawa kika ce, "Madalla," kika ci gaba da tankaɗe. Bilkisu ta haɗa izu biyar kika yi mata guɗa har maƙwabta suka fito.

IYA: Haka uwata ta yi min. Ban taɓa kai ta gaban farfesa ba.

HUSNA: Ba don su ba, Iya. Babu kowa a layin nan sai ni da ke. Kira sunana sau ɗaya kawai.

IYA: Tasi'u zai bi ta wajenku Ojoo gobe. Na ƙulla miki yaji da dambun nama.

HUSNA: Ba yaji na tambaya ba.

IYA: Bilkisu! Bilkisu, zo karɓi waya, yayarki ce.

HUSNA: Bar ta, Iya. Katina ya ƙare.