Birki Ba Ya Shan Mai

Mai girma shugaban taro, Malam Zainulabidin. Mai unguwarmu da dattawan da ke tare da shi. Fasto da liman. Iyayenmu mata na kan tsauni da na gindinsa. 'Yan'uwa da kuka taso daga Dabai da cikin Zuru, ina gaishe ku, sannunku da zuwa.

Ni ne Ebenezer, tsohon soja, wanda kuka damƙa wa kula da keken nan mai hawa tsauni a kan layin dogo, yau shekara shida. Ina gode muku, ina kuma gode wa Injiniya Monica, wadda ta bi shi ƙusa bayan ƙusa kafin ta yarda a sake buɗewa. Mako bakwai yana rufe, mako bakwai tuwo bai yi mini daɗi ba. Yau kam hankalina ya kwanta.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, ni nawa zan nuna. Ni na ce muku ƙarfe kamar fatar mutum yake, yana son mai, amma ban ce muku wane ƙarfe ba. Sai iyayenmu mata suka yi gayya irin ta gona, suka fito da man kaɗanya cikin ƙore, suna waƙa suna shafe dogo tun daga sama, har da gefen da birki yake kamawa. Washegari keken ya ɗauko Mama Alice daga gidanta na can bisa, inji ya mutu a hanya, birki ya damƙi dogo, dogo ya ce bai san zancen ba. Haka ya yi ta sulalowa da ita, bai tsaya ba sai daidai wurin da man ya ƙare wa matan.

Da an rufe shi har abada, tsofaffinmu goma sha ɗaya da gwiwa ta hana su hawa da sauka, sai dai 'ya'yansu su kwaso su zuwa cikin gari, su bar gidajensu da kaburburan iyayensu. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Saboda haka ku saurara. Na farko, birki ba ya shan mai, dogo ma haka. Giris na ƙafafun keken ne da igiyar ƙarfen da ke jansa, kuma ni da Abdulrashid bakanike kaɗai za mu shafa. Iyayenmu, kada ku bar gayya, amma ku zo da tsintsiya, ku share tsakuwa, ku buɗe magudanun ruwa kafin damina. Man kaɗanya kuwa, ku shafa mana a gwiwa.

Na biyu, keken mutum huɗu yake ɗauka ko buhu shida. Mai cewa buhunsa ɗan ƙarami ne, igiya ba ta jin rarrashi. Kuma wanda ya ji wata baƙuwar ƙara, ko ya ga zare ɗaya ya tsinke a jikin igiya, ya zo ya faɗa, ko da ina tsakiyar cin abinci. Rigakafi ya fi magani.

Da safiyar nan, muna can bisa muna shirin gwada keken da buhunan yashi, sai Mama Alice ta shiga ta zauna. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri mu gama." Ta ce, "Ɗana, yashi bai da baki. Ni na san gudunsa da ya lalace, ni ka gaya muku in ya gyaru." Da ƙyar muka fito da ita har yashi ya je ya dawo, sannan ta sake shiga, keken ya sauko da ita. Ga ta nan zaune, kuma in an tashi taro gidanta za ta koma.

Allah ya tsare mai hawa, ya tsare mai sauka, ya bar mana tsofaffinmu a inda suke so, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.