Dabarar Buraima

A tashar Zongon Lome, tsoho Buraima, wanda ya daɗe da ajiye tuƙi, ya tarar da wani direba yana fasa ƙwai cikin lagireton fijo mai yoyo.

"Sannu da aiki. Ƙwai kuma na mene ne?"

"Maganin yoyo, Baba. So nake in kai Sokode kafin a rufe hanya don bikin jam'iyya. Ƙwai biyu, garin barkono cokali uku. Dabarar Buraima ce."

"Cokali ɗaya ne, kuma babu ƙwai."

"Wa ya gaya maka?"

"Ai ni ne Buraiman."

Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya tuntsire da dariya. "Haba Baba. Buraima ƙato ne, da hannu ɗaya yake ɗaga mota. Direbobi bakwai suka tabbatar da ƙwan nan a teburin mai shayi. Kai kaɗai ka musa."

Ya tayar da mota, suka duƙa tare suna leƙawa. Ko ɗigo babu.

Buraima ya miƙe yana murmushi. "Biyu ka ce?"

"Biyu. Ka riƙe da kyau, Baba, kar ka je ka ɓata wa mutum suna."