Baƙar Ƙasar Da Muka Kai Gida

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Stephen Kazah, mai girma wakilin gwamnati, masu unguwanninmu na Kakuri da kewaye, Rabaran da Liman da ke zaune a benci ɗaya, Injiniya Nafisa Lawal da tawagarta ta masu awon ƙasa, shugabannin mata, 'yan'uwana tsofaffin ma'aikatan masaƙa, na kaɗi da na saƙa da na rini, 'ya'yanmu da jikokinmu, jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, barkanku da war haka.

Sunana Nathan Didam. Shekara ashirin da shida na yi a sashen rini na wannan masaƙa da muke zaune a inuwar katangarta. Ina godiya ga Allah da ya ja kwanana na ga yau. Ina godiya ga shugaba da ya ba tsoho makirfo, alhali ya san tsoho in ya kama magana sai an yi da gaske yake saki. Ina kuma godiya ga gwamnati da ta ware kuɗi domin a auna ƙasar wannan fili, a kwashe gubar da ke cikinta, a mai da shi wurin da mutane za su sake cin abinci. Shekara ashirin muna wucewa ta nan muna kau da kai. Yau an ce za a taɓa wurin, kuma wannan abin godiya ne.

Maganata uku ce. Ta farko mai daɗi ce, ta biyu mai nauyi, ta uku kuwa roƙo ne.

Ta farko, ina so yaran yau su san abin da wannan kango yake a da. Ku da kuke ganin ciyawa ta fi mutum tsawo, kuna ganin kwanon rufi ya tashi, kuna ganin awaki suna kiwo a inda injuna suka yi ruri, ku sani nan gari guda ne. In jiniya ta yi kuka da ƙarfe biyu na rana, masu fita na fita, masu shiga na shiga, keke ya cika titi har mota ba ta samun wurin sa ƙafa. Masu tuwo da miyar kuka, masu shinkafa da wake, masu kunu da ƙosai, duk sun jeru a bakin get, kowacce ta san mai son yaji da wanda ba ya so. Mutumin Zangon Kataf yana gefen mutumin Funtuwa, mutumin Inugu yana gefen mutumin Gboko, ba mai tambayar wani ina yake sallah ko ina yake sujada, domin ƙarar inji ma ba ta barin a ji amsa.

Mu 'yan rini ba ma bukatar katin shaida. Hannunmu ne shaidarmu. Ranar da na je gaishe da iyayen matata Dorcas, tsohuwarta ta dubi tafin hannuna shuɗi, ta ce, “Wannan yaron lafiyarsa ƙalau kuwa?” Dorcas ta ce, “Mama, ba ciwo ba ne, albashi ne.” Aka yi dariya, aka ba ni mata. Lambatun da ke fita ta bayan katanga kuwa, yau ja, gobe kore, jibi ruwan goro, har matan unguwa kan leƙa su ce, “Yau atamfar Kirsimeti ake bugawa.” Muna kallon ruwan nan muna alfahari. Wallahi alfahari muke yi, domin a ganinmu launin nan alamar garin yana aiki ne. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ni ina tuna bara, ba na kuma jin kunyar faɗa: ina kewar wannan wuri, ina kewar ƙararsa, har warinsa nake kewa.

Magana ta biyu ita ce ta tsayar da ni a gabanku. Makon jiya Injiniya Nafisa ta kira mu tsofaffi, ta shimfiɗa taswira, ta nuna mana jan layi da ya kewaye masaƙa. Ta ce duk abin da ke cikin layin nan za a auna, kuɗin da aka bayar na cikin katanga ne. Sai ta aza yatsa a kan tsohon tafkin da ke can kusurwar gabas, inda ruwan rini yake kwantawa kafin a sake shi. Ta ce, “Baba, wani abu ya ɗaure mini kai. A lissafinmu ya kamata laka ta cika ramin nan maƙil, ita ce ma ta fi komai guba. Amma mun tarar da shi kusan wayam. Ina ta tafi?”

Mu bakwai ne a wurin. Kowa ya sunkuyar da kai, wani ya hau gyaran hula, wani ya hau tari. Ba wanda ya amsa mata, har da ni. Yau zan amsa.

Injiniya, 'yata, laka ba ta tafi ko'ina ba. Mu muka kwashe ta, muka kai gida.

Ku saurare ni da kyau, kada ku yi mana dariya tukuna. Mu 'ya'yan manoma ne. Daga ƙauye muka zo, kuma a ƙauye an koya mana tun muna goye cewa baƙar ƙasa ita ce mai albarka. Duk rani in aka yashe tafkin nan, ana tara lakar a gefe ta bushe, ta yi baƙi wuluk, ta yi laushi a hannu kamar takin da ya shekara a turken shanu. Manomi ya ga wannan ya wuce? Muka roƙa, aka ce mu ɗiba, rage wa kamfani aiki ne. Muka ɗiba a buhu, muka ɗiba a baro, muka ɗaura a bayan keke. Abokina Ifeanyi makanike, ga shi can zaune, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi. Duk Asabar sai ya tsaya a ƙofata ya ce, “Oga Nathan, yau sawu nawa?” Ya kai Barnawa, ya kai Romi, ya kai Sabon Tasha, har Gonin Gora ya kai. Wanda ya sami fili ya cike ramin tsakar gida da ita. Wanda ke da bayan gida ya zuba ya yi lambu. Har kyauta muka riƙa yi da ita, ana yi mana godiya.

Ba wanda ya ce mana guba ce, mu ma ba mu tambaya ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ban zo neman mai laifi ba, masu laifin da yawa suna ƙasa, sauran kuma ga mu nan da furfura. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhu muka yi shekaru muna murna.

Na san abin da ya sa 'yan'uwana suka yi shiru, tsoro ne, ni ma shi ya rufe mini baki. Ana ta raɗe-raɗi a unguwa cewa duk gidan da aka auna za a shafa masa jan fenti, a kawo katafila. Masu haya za su gudu, gida ya faɗi daraja. Wannan tsoro ba na wauta ba ne, mun ga abin da jan fenti ya yi a garin nan. Amma ni nawa tsoron ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi zafi.

A bayan gidana a Romi akwai lambu. Bai fi taku goma sha biyu ba. Buhu talatin na baƙar ƙasar nan na kai wa Dorcas shekarar da muka tare, ita ta baje ta da hannunta. Ta shuka alayyahu da yakuwa da kuɓewa, ta dasa gwaiba ɗaya a tsakiya. Da aka rufe masaƙa, na dawo gida hannu rabbana, na zauna wata shida ba na son ganin kowa, lambun nan ne ya riƙe tukunyarmu. Ta kan ce, “Baban Mercy, kamfani ya mutu, amma ya bar mana gado.” Shekara huɗu ke nan da Dorcas ta riga mu gidan gaskiya. An kai ta ƙauye an binne, hanya ta yi nisa, ƙafata ta yi nauyi. In ina son gaishe ta, lambun nan nake shiga da safe in yi ban-ruwa.

Da na gaya wa 'yata Mercy abin da zan faɗa a nan, kuka ta yi. Ta ce, “Baba, in suka ce ƙasar ba kyau fa? Tonewa za su yi, har gwaibar Mama. Me zai rage mana?” Muna tsaye a bakin lambun sai ga 'yarta Hadassah, shekararta uku, ta fito daga cikin yakuwa, gwaiba a hannu, baki duk ƙasa. Mercy ta dube ta, ta dube ni. Ita da kanta ta ce, “Baba, je ka faɗa.”

Ban san abin da awo zai nuna ba. Mai yiwuwa ruwan shekara talatin ya wanke ta, mai yiwuwa tana nan daram. Ni ba likita ba ne, ba zan ce ciwon wane ko mutuwar wance daga nan ta fito ba. Abin da na sani shi ne jikokinmu suna wasa a kan ƙasar da ba mu san cikinta ba, suna shan rijiyar da ke gefenta, kuma mu kaɗai muka san gidajen. Ba ya cikin fayil, ba ya cikin taswira, yana cikin kan tsofaffi, tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, roƙo.

Mai girma wakilin gwamnati, ina roƙo a buɗe jan layin nan. Ku gyara filin masaƙa, ku yi kasuwa, ku yi makarantar sana'a, ku yi abin da Allah ya hore, za mu zo mu yi tafi. Amma in kuka wanke cikin katanga kuka bar abin da ya fita, kun wanke kwano kun bar tuwon a ƙasa. A yanki wani abu daga kuɗin awon nan a bi lakar gida-gida. Ina kuma roƙo ku faɗa da bakinku, a gaban Rabaran da Liman, ku sa a takarda, cewa awo ba rusau ba ne, cewa ƙasa za a kwashe a kawo mai kyau, ba mutum za a kwashe ba. In kuka faɗi haka, ƙofofi za su buɗe.

Ku kuma 'yan'uwana, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wanda ya ɗiba ya faɗa. Wanda ya ba maƙwabci ya faɗa. Wanda ya sayar da gidan ya tashi, ya faɗi inda gidan yake, domin 'ya'yan wani suna ciki. Ifeanyi ya ce ya tuna lunguna da yawa, zai shiga mota ya nuna.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Kada a ce Nathan ya tura mutane ya noƙe. Injiniya, ɗauki bironki. Rubuta: Nathan Didam, Romi, layin bayan makarantar firamare, gida mai koren get. Ku zo Litinin da safe, za ku same ni. In kun auna kun ce ƙasar lafiya take, zan cika muku leda da gwaiba. In kuma kun ce a tone, alfarma ɗaya nake nema: kada ku sa lebura ya fara. Ni na kai ta a kan kekena, ku bar ni in yi saran farko da hannuna.

Allah ya jiƙan waɗanda muka yi aiki tare suka riga mu tafiya. Allah ya ba masu wannan aiki gaskiya da ƙarfin gwiwa, ya sa kuɗin nan ya isa inda aka nufa da shi. Allah ya tsare jikokinmu daga abin da hannunmu ya ɗauko cikin rashin sani. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.